Karen Da Ba Ya Jin Kira

Ya 'yan uwa mata, kun ji abin da ake faɗa a kan karen nan na unguwar ƙetaren kogi. A bakin tanderu an ce kunnuwansa aka soya da kitsen bindin rago aka ba shi ya ci, ya ɗanɗani naman jikinsa, shi ya sa ya nemi na mutum. A gidan makoki kuma na ji an ce matar gidan ce ta yi sakaci ta kwance sarƙa.

Zancen farko ban ɗauka ba. Shekarata saba'in da uku a kwarin nan. Karen makiyayi nawa ne ba a soya masa kunnensa ya ci ba? Nawa ne a cikinsu suka ci mutum? Na biyun kuwa ya hana ni sakat, don matar tana da rai, kuma ana nuna ta da baki duk inda ta gilma. Sai na ɗauki sandata na je na zauna da mutum uku da suka san abin. Ga abin da na samo.

An yi wani mutum a unguwar nan. Ba zan kira sunansa ba, yana nan da ransa. Yana da tumaki, yana da doki, yana da mata mai suna Sabohat da 'ya ɗaya, Mohira. Mahaifiyarsa tana ɗakin da ke fuskantar tsakar gida. Yayansa Daulat yana Rasha yana aikin gini, ya bar 'ya'ya uku a nan, shekara shida bai zo ba, kuma da kuɗin da yake aikowa daga can aka ɗora wa gidan rufi.

Mutumin ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba. Yana salla a sahun gaba. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: bai iya jure a yi masa dariya ba.

Da sanyi karyarsa ta haihu, ya zaɓi ɗan kwikwiyo guda mai faɗin ƙirji, ya sa masa suna Palang, wato damisa. Kun san yadda ake yi. Cikin mako na farko, kafin ido ya buɗe, ake yanke kunnen, lokacin yana da laushi kamar ganye, don kada kyarkeci ya sami wurin kamawa. Ni dai ban taɓa gamsuwa da wannan ma ba, Allah da ya ba kare kunne ya san da kyarkeci. Amma a ƙalla masu yi sun san lokacinsa.

Bobo Eshmat, tsohon makiyayin da ke yi wa kowa, ya zo da 'yar wuƙarsa har sau biyu. Mutumin ya ce, "Bobo, kare nawa, wuƙa tawa. Zan yi da kaina."

Bai yi ba. Yau biki, gobe kasuwa, jibi wasan ƙwace akuya a kan doki. Palang ya yi wata biyar da kunnuwansa suna reto.

Sai aka fara a ɗakin shan shayi. "Mai damisa! Yaya ɗan jakin naka?" Wani ya ce, "Ku bar shi, kitso zai yi masa ran Nauruz, bikin sabuwar shekara." Mutumin ya yi dariyar yaƙe ya koma gida.

A lokacin kuma Palang yana canjin haƙori. Dasashi na ƙaiƙayi, komai ya samu sai ya tauna: igiyar guga, ƙafar kujera, gefen shimfiɗar ulu. Bobo Eshmat ya ce wa Sabohat, "'Yata, wannan ba mugunta ba ce. Ba shi ƙashin ƙafar tunkiya. Ki jiƙa tsohon tsumma ki bar shi a ƙanƙara ya daskare, ki ba shi ya gwaguya. Abin da kuke so kuma ku rataye a ƙusa. Wata biyu ne, zai wuce."

Ta yi haka, ya kuma yi aiki. Amma wata rana mutumin ya dawo daga hawa, ya tuɓe dogon takalminsa na fata a bakin ƙofa ya shiga cin abinci. Sabohat ta ce, "Baban Mohira, a rataye takalmin nan." Ya ce, "A gidana zan ɓoye wa kare takalmi?"

Kafin ya gama shinkafarsa, Palang ya cinye wuyan ƙafar dama.

Ya 'yan uwa, mene ne takalmi? Fatar saniyar da ta riga ta mutu. Amma Shaiɗan ba ya bukatar abu babba. Mutumin ya ɗauko almakashin askin tumaki. Ya danne kwikwiyon da gwiwa. Sabohat tana cewa, "Don Allah, ya girma, kira Bobo!" Ya ce, "Yau zan gama da zancen kunnen nan da na takalmi gaba ɗaya."

Ya yanke har gindi. A wata biyar kunne ya yi guringuntsi, ya yi jijiya, jini ya ƙi tsayawa. Ya zaro ƙarfen tanderu da zafinsa ya manna. Ya ɗebo toka mai wuta ya cusa cikin ramukan. Sabohat ta ce mini kukan ya kai har masallaci, kuma babu wanda ya fito, don kowa ya ce mai kare ne da karensa.

Kan kwikwiyon ya kumbura, ya yi ruwa, ya yi wari kusan wata guda. Sabohat ce ta yi ta wanke shi da ruwan gishiri, tana ɗura masa nono. Ya rayu. Amma ramukan suka haɗe da tabo.

Ita ta fara ganewa. Wata safiya babban faranti ya suɓuce mata ya faɗi a kan dutse, kaji suka watse, tsohuwa ta yi salati daga ɗaki. Palang yana kwance taku uku daga wurin, ko gezau. Ta zagaya bayansa ta tafa. Ta kira sunansa. Bai waiwayo ba sai da inuwarta ta faɗa a gabansa.

Ta ce, "Baban Mohira, karen nan ba ya ji."

Ya ce, "Na sani. Idan na ji maganar nan a bakin wata mace, ki tattara kayanki."

Kun ga zunubi na biyu? Na farko fushi ne, na minti goma. Na biyu ya ɗauke shi shekara biyu yana yi kullum da safe. Me ya sa? Don kada a ce a ɗakin shayi wane ya lalata kare da hannunsa.

Sai ya koya wa Palang bin hannu. Ya ɗaga tafi, kare ya zauna. Ya buga ƙafa a ƙasa, kare ya ji girgizar ya waiwayo. A gaban mutane yakan haɗa da murya, "Zauna!", don a zaci kiran ne ya yi aiki. Babu wanda ya lura.

Kuma abin ya zame masa riba. Palang ya girma kamar maraƙi. A filin da ake haɗa karnuka faɗa, kare yakan saki idan abokin karawarsa ya yi kukan sallamawa, ko maigidansa ya daka tsawa. Palang ba ya jin ko ɗaya. Idan ya kama, sai an zura sanda a muƙamuƙinsa. Waɗanda suka ce ɗan jaki su ne suka dawo suna cewa, "Kai, wannan zuciyar zaki gare shi! Me kake ba shi?" Mutumin yakan shafa gemu ya ce, "Kunnensa na ba shi ya ci." Daga bakinsa zancen nan ya fito, ku sani.

Bobo Eshmat ya gane a filin. Ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, kare mai cizo wanda ba ya jin 'saki' bindiga ce a ɗane a tsakar gida. Ko ka kai shi kan dutse inda babu ƙofa, ko ka faɗa wa mutane."

Mutumin ya ce, "Bobo, tsufa ne. Kai ne kunnenka ya yi nauyi."

Sabohat ta zauna cikin tsoro. Ta hana Mohira fita tsakar gida ita kaɗai. Ta daina gayyatar maƙwabta. Duk ƙarar ƙyaure sai gabanta ya faɗi. Ta roƙa har ya yarda ya sa sarƙa da kwaɗo, amma makullin ya rataya a wuyansa, don bai yarda wani ya taɓa karensa ba.

Ranar da abin ya faru, da kaka ne, tsakar rana. Saura kwana biyu a yi babban faɗan karnuka. Mutumin ya ce sarƙa tana sandarar da ƙafar kare. Ya buɗe kwaɗon da hannunsa ya sake shi a tsakar gida. Sabohat tana bakin tanderu, hannunta cikin ƙullu, ta ce, "To a sa sakata a ƙyaure." Ya ce, "Wa zai zo da tsakar rana?" Ya hau rufi yana baza ciyawar da tumaki za su ci da sanyi.

Daga can sama ya hango mutum tafe da jaka biyu. Ya gane tafiyar kafin ya gane fuskar. Daulat ne. Bai faɗa wa kowa zai zo ba, yana so ya ga fuskar mahaifiyarsa in ta gan shi kwatsam.

Daulat ya tura ƙyaure da kafaɗa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya ɗaga kai yana dariya, ya ce, "Kai, ƙaramin banza, har yanzu kana kan rufina?"

Palang bai san shi ba. An haife shi bayan tafiyarsa.

Ba zan faɗa muku abin da ido ya gani ba. Hannun da ake ɗaga wa karen yana sama, karen kuma ya ba shi baya. Ƙafar da ake bugawa tana kan rufi, ba ta taɓa ƙasa. Mutumin ya yi ta ihu, "Palang, saki! Saki!" Sabohat ta ruga da ƙarfen tanderu ta yi ta duka har ƙarfen ya lanƙwashe. Kafin ya diro, kafin a sami sanda, aikin gama ya gama. Daulat ya cika a hanyar asibiti. Mahaifiyarsa ta ga komai ta taga.

Aka harbe karen. A wurin zaman makoki wani dattijo ya tambaya, "Wa ya kwance shi?" Mutumin ya juya kawai ya kalli sashen mata. Shi ke nan. Bayan kwana arba'in ya mai da Sabohat gidan ubanta.

To, ya tsira? Ku je ku gani. Mahaifiyarsa ta koma wurin 'yarta, ba ta ƙara furta masa ko kalma ba. Ya kasa hawa rufi, ciyawar ta ruɓe a can, dusar ƙanƙara ta zo tumaki ba su da abinci, rabi suka mutu, saura ya sayar. Dokin ma ya tafi. Rufin da Daulat ya ɗora ya fara yoyo, yana kallo. 'Ya'yan Daulat uku suna wuce ƙofarsa su tsallaka ɗaya gefen hanya. Yana zaune a dandamalin tsakar gida daga safe zuwa la'asar, gemu ya yi fari fat, bai kai hamsin ba.

Ya 'yan uwa, kada ku ce wannan labarin maza ne da karnuka. Wacece a nan ba ta taɓa dukan abin da ba ya iya kai ƙara ba, don ranta ya ɓaci? Wacece ba ta taɓa rufe ɓarnar da ta yi ba don gudun dariyar maƙwabta? Dabbar da ke hannunki amana ce, za a tambaye ki. Kuma aibin da aka ɓoye ba ya kwana wuri ɗaya. Girma yake yi, yana jiran wanda zai turo ƙofa, kuma ba ke ce za ki zaɓi wanda zai turo ta ba. Ƙofar tuba a buɗe take, haka aka koya mana, haka nake koyarwa. Amma tuba ba ta fito da Daulat daga kabari.

Mu ma da muka yi ta yawo da zancen muna da kasonmu. Shekara guda muna cin naman mace da ba ta yi komai ba.

Na zauna da Sabohat, ta nuna mini tabon ƙunar ƙarfe a tafinta. Na zauna da Bobo Eshmat, shi ya binne karen, ya ce ya duba ramukan kunnen, ko tsinke ba ya shiga. Daga ƙarshe na je wurin mutumin. Na ce, "Ɗana, ni tsohuwa ce, ba alƙali ba. Wa ya buɗe kwaɗon?"

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Ni ne, Inna. Na san ba ya ji. Na sani sarai, amma na yi ta kiransa."

Karen ba mahaukaci ba ne, kuma ba kunnen da ya ci ba ne. Kurma ne. Mai shi ne ya kurmantar da shi, ya ɓoye shekara biyu, ya sake shi da hannunsa. Sabohat ba ta taɓa riƙe makullin ba.

Allah ya kiyaye mu da fushin hannunmu, ya kiyaye bayinsa daga abin da muka rufe. Amin.