Ƙarfen da Filibus Ya Cire

A wani gari da ke gindin duwatsu akwai wani mutum mai injin niƙa, ana kiransa Filibus. Mutumin kirki ne, ba ya fashin sujada, sai dai yana da hali guda. Tun ranar da ya iya kwance injin niƙansa ya mayar, ya ɗauka babu wani ƙarfe a duniya da zai gagare shi.

Da kawunsa ya rasu, aka bar masa wata tsohuwar jif, irin wadda ake shiga daji da ita, mai ja da tayoyinta huɗu duka. Ta shekara bakwai a ƙarƙashin mangwaro ba ta motsa ba. Kaji sun mai da kujerar baya wurin ƙwai, ciyawa ta fito ta cikin ƙasanta, ɓeraye sun cinye wayoyi. Dangi suka ce a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa a huta. Filibus ya ce a'a, shi zai tayar da ita da hannunsa.

Dalilinsa kuwa mahaifiyarsa ce, Mama Damaris. Ta tsufa, ƙafafunta sun daina ɗaukarta nesa. An haife ta a Dutsen Maje, wani ƙauye da ke can saman tsauni. A can aka yi mata baftisma, a can aka binne iyayenta, kuma shekara goma sha biyu rabonta da wurin. Hanyar ba ta ƙananan motoci ba ce, babur kuwa ba za ta iya zama a kansa ba. Buri ɗaya ya rage mata a duniya: ta sake zama a cocin ƙauyensu ranar godiyar kaka, lokacin da mata suke shigowa da dawa da doya a ka suna waƙa, ta ji muryoyin da ta girma a cikinsu ko da sau ɗaya ne.

Filibus ya durƙusa gabanta ya ce, "Mama, a bana, da wannan motar zan kai ki, har ƙofar coci."

Ta dafa kansa ta ce, "Allah ya kai mu, ɗana."

Ya kuwa shiga aiki, kuma gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya sauke inji ya wanke, ya canja baƙin mai, ya liƙe lagireto inda yake yoyo, ya ja sababbin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da motar ta yi tari ta tashi, har maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Matarsa Rifkatu ta fito daga madafa tana guɗa da ludayi a hannu.

Da ya fita gwaji a kan kwalta, sai ya ji wani abu yana bugawa daga ƙarƙashi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya dawo gida ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar. Can ya ga mai laifin. Irin wannan mota tana da farfela biyu, wato dogayen ƙarafa masu juyawa da suke kai ƙarfin inji ga tayoyi, ɗaya zuwa baya, ɗaya zuwa gaba. Gaɓar farfelar gaba ce ta cinye, ita ke wannan bugun. Gyaranta sai an je birni an nemo sabuwar gaɓa, kuma aiki ne na kwanciya cikin ƙasa da giris, wanda ba mai gani balle ya yaba.

Filibus ya kwanta yana kallonta, sai dabara ta zo masa. Ai a kan kwalta tayoyin baya ne kaɗai suke ja. Ya ɗauko sifana ya kwance noti takwas, huɗu ta nan, huɗu ta can, ya zaro farfelar ya fito da ita. Ya sake gwada motar. Shiru kake ji, tana tafiya sumul. Ya yi murmushi irin na wanda ya fi masu ƙera motar wayo, ya rataye ƙarfen a zaure da igiya.

Rifkatu ta ce, "Baban Tabita, wannan ƙaton ƙarfen fa? Haka za a bar shi?"

"Zan mayar kafin kaka. Yanzu ba shi da aiki."

"To waɗanda suka sa shi tun farko, ba su san ba shi da aiki ba ne?"

"Ke dai ki ji da tuwonki," in ji shi yana dariya.

Ta koma madafa. Bayan mako biyu ta fara rataye albasa a jikin ƙarfen, don ta ga ya dace da hakan.

Daga nan zuciyar Filibus ta koma kan abin da ido yake gani. Ya goge tsatsa, ya shafa wa motar fenti kore mai sheƙi. Ya ƙera kariyar ɗora kaya a samanta da hannunsa. Ya jera fitilu huɗu a goshinta, ko da yake ba ya tuƙi sai da rana. Ya sa mata ham mai murya uku. Ya ɗinka wa kujeru riguna, ta gaba ya ƙara mata soso saboda bayan Mama. A gilashin baya ya sa aka rubuta kalmomin godiya ga Allah da manyan baƙaƙe. In ya shigo harabar coci ranar Lahadi, sai dattawa sun zagaye motar suna shafawa, shi kuma yana tsaye yana ta bayani ba a tambaye shi ba.

Abin da ya fi so shi ne la'asar, bayan ya kashe injin niƙa. Yakan shiga motar a ƙarƙashin mangwaro, ya riƙe sitiyari ba tare da ya kunna ta ba, ya zuba wa duwatsu ido. Daga nan Dutsen Maje yakan yi shuɗi-shuɗi, gajimare na zaune a kansa. Sai ya ga kansa yana hawa a hankali, ciyawa tana shafar ƙofofi, gonakin acca suna wucewa ta gefe. Ya ga Mama a kusa da shi da farin ɗankwali, tana nuna masa itacen da suke hawa suna yara. Ya ga mutanen ƙauyen sun fito suna tambaya, "Ɗan wa ke nan?" Wani lokaci Mama Damaris takan dogara sandarta ta zo ta zauna a kujerar da aka ƙara wa soso. Su biyu su yi ta kallon dutsen, tana kiran sunayen ƙawayenta ɗaya-ɗaya, waɗanda suke da rai da waɗanda suka riga mu. Waɗannan la'asar ɗin sun yi daɗi ƙwarai, har Filibus yakan ji kamar an riga an yi tafiyar.

Sau biyu ya wuce ta zaure ya ɗaga kai ya ce, "Gobe zan je birni." Goben ta zo ya sami wani abin yi.

A wannan shekarar damina ta yi jinkirin tafiya. Ana saura kwana biyu godiyar kaka, ruwa ya sauko mai yawa. Da safiyar Lahadi gari ya waye fes, Filibus ya wanke motar har tana ɗaukar ido. Mama Damaris ta ɗaura zanen zumuntar mata da ta daɗe tana ajiya, ta riƙe ƙwaryar gyaɗar da za ta kai coci baiko a cinyarta. Rifkatu ta zauna a baya. Suka yi addu'a, suka kama hanya.

Kwalta ta ƙare, motar ba ta damu ba. Suka shiga hanyar burji, nan ma lafiya lau. Mama tana ta murmushi, iska tana kaɗa ɗankwalinta. Sai suka iso rafin da ke gindin dutsen. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma tsallaken duk taɓo ne mai santsi, kuma daga nan hawan yake farawa. Filibus ya shiga da ƙarfin zuciya. Tayoyin gaba suka fita suka taka busasshiyar ƙasa, na baya kuwa suka nutse. Ya taka totur, suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa taɓo. Ya kai hannu ya ja ƙaramar giyar da take sa tayoyi huɗu su ja tare. Giyar ta shiga, inji ya yi ruri. Tayoyin gaba ko motsi ba su yi ba, suna tsaye a kan ƙasa mai kyau, babu abin da ya haɗa su da inji.

A nan ne ya tuna abin da ke rataye a zaure.

Ya sauka ya tona da hannu, ya cusa duwatsu, ya sari rassa ya shimfiɗa. Rifkatu ta ɗaure zane ta shiga tura. Motar sai ƙara nutsewa take yi. Babu kowa a hanya, domin duk mutanen wajen sun hau dutse sujada. Ya danna ham mai murya uku har ya gaji, tsuntsaye ne kawai suka tashi. Ya ce zai goya Mama, suka gwada, amma hawan na awa biyu ne ga mai ƙarfi, kuma tun kafin su yi nisa numfashinta ya fara sama-sama. Dole ya dawo da ita ya zaunar a mota.

Can sai ƙararrawa ta kaɗa daga saman dutsen. Jim kaɗan iska ta gangaro da waƙar mata, tana zuwa tana ɓacewa, da amon tulu da kacau-kacau a bayanta. Mama Damaris ta rufe ido. Leɓunanta suka fara bin waƙar, ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba, hannunta yana buga ƙwaryar gyaɗa a hankali. Filibus yana tsaye cikin taɓo har ƙauri, ya kasa kallonta. Kunya da baƙin ciki suka cika shi, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Da waƙar ta ƙare, ta buɗe ido ta ce, "Wannan muryar da take ja musu gaba, ta Saratu ce. Ashe tana nan da rai." Ta dubi ɗanta ta ce, "Share hawayenka, ɗana. Na ji su. Da dai na so su ma su gan ni."

Sai da yamma masu saukowa daga sujada suka taru suka fitar da motar, lokacin an riga an watse. Filibus ya yi alkawari baɗi ba zai yi sakaci ba. A wannan makon ya je birni ya samo gaɓar, ya mayar da farfelar. Aikin duka bai kai tsawon dahuwar wake ba. Amma Mama Damaris ba ta ga wata kaka ba. Kafin ruwan farko na shekara ya sauka, Ubangiji ya kira ta gida.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwana. Motar ita ce rayuwar mai bi. Inji shi ne ikon Allah, wanda ba ya raguwa kuma ba ya gazawa. Fenti da fitilu da ham su ne abubuwan da mutane suke gani a jikinmu: kayan Lahadi, murya a ƙungiyar mawaƙa, kujera a cikin dattawa. Ban ce waɗannan mugayen abubuwa ba ne, Filibus ma bai yi zunubi don ya shafa fenti ba. Farfela kuwa ita ce abin da yake haɗa mu da Allah a ɓoye, wato addu'ar da kake yi kai kaɗai, da karanta Maganarsa a ranar da ba Lahadi ba, da tuban da ba mai ji sai shi.

Ku lura da dalilin da ya sa Filibus ya cire ta. Ba don ta mutu ba ne, don tana damunsa ne. Haka muke yi. Ka durƙusa addu'a, sai zuciyarka ta fara buga maka zancen ɗan'uwan da ba ku magana, ko mudun da ka danna wa gindi a kasuwa. Maimakon ka gyara, sai ka daina addu'ar, ka ce za ka koma in ka sami sarari. Kuma abin tsoron shi ne, babu abin da zai faru nan da nan. Rayuwa za ta yi ta tafiya sumul, har ka ce ashe ba a bukatarta. Sai ranar da ka iso rafi, ranar ciwo ko rashi ko jaraba, ka nemi ƙarfin da ka san yana nan, ka tarar kai da kanka ka raba kanka da shi.

Akwai wani abu kuma da yake ci mini rai a labarin nan. Filibus ne ya yi sakaci, amma mahaifiyarsa ce ta rasa. Babu wanda yake tafiya shi kaɗai a cikinmu. Kana ɗauke da matarka, kina ɗauke da 'ya'yanki, akwai wanda bangaskiyarsa take jingine da taka ko ba ka sani ba. Allah mai jinƙai ne, yana gafarta wa duk wanda ya komo, ya kuma gafarta wa Filibus. Amma gafara ba ta dawo da ranar da ta wuce.

Saboda haka kada ku tsaya neman wanda wannan misali ya fi dacewa da shi a cikin ikilisiya. Kowa ya san abin da ya daina yi, ya san ranar da ya daina, ya kuma san dalili. In kun koma gida yau, tun kafin ku cire kayan Lahadi, ku shiga ɗaki ku rufe ƙofa ku gaya wa Ubangiji gaskiya. Wanda yake jiran ka kai shi yana nan da rai yau, ba wanda ya yi maka alkawarin baɗi.