Kurciya Da Ƙyallen Tatar Iya Tanoma

Dalilin da ya sa ba ku taɓa ganin tsuntsu ya tsuguna yana fitsari ba, sai dai ya sako wa mutum wani farin abu a hula, kamar yadda aka yi wa Ɗantala ɗazu, shi zan gaya muku. Ku bar yi masa dariya haka nan, ku matso.

A can da, duk dabbobi ƙodarsu iri ɗaya ce. Ƙoda ita ce 'yar rariyar nan ta cikin ciki, mai tace jini ta fitar da dauɗa. A lokacin rariyar kowa manyan idanu gare ta, ka sha ruwa yanzu, anjima ya zube. Ba wanda ya damu, don ruwa ko'ina akwai shi.

Sai aka shekara biyu sama ba ta zubo ba. Tafkuna suka ƙafe, ya rage kogi ɗaya tal. A bakinsa akwai wata tsohuwa mai koko, Iya Tanoma, gwanar saƙar rariya da kaba. Dabbobi suka yi ta zuwa tana sake musu tasu.

Raƙumi ya zo da gunaguninsa, ya ce, "Iya, a matse min ita, tafiyata da nisa." Ta saƙa masa doguwa mai ƙananan idanu, fitsarinsa ya koma ɗan kaɗan, ga kauri. Kifi ya leƙo, ciki kamar zai fashe, ya ce shi ruwa ne ya yi masa yawa, ta ƙara buɗe masa tasa. Kwaɗo kuwa, malalacin banza, ya ce tasa ta ishe shi, ga shi nan har gobe ba ya iya nisa da laima.

Kurciya ce ta zo ƙarshe, tana haki.

"Iya, ki taimake ni. Sheƙata tafiyar rabin yini ce daga nan. Duk ruwan da na sha don in kai wa 'ya'yana, a hanya yake zubewa. Su biyu ne, jiya ɗaya ya mutu."

Iya ta duba kwando, ta ce, "Wayyo 'yar nan, kaba ta ƙare, ko zare ɗaya babu."

Kurciya ta juya za ta tashi. Tausayi ya kama tsohuwa, har idonta ya kawo ruwa. Sai ta dubi ƙwaryar gasararta. Da safe ta tace ta da ƙyalle, ta bar ta ta kwanta. Farin ya zauna a ƙasa, ruwan ya taso sama, dama tsiyaye shi take yi cikin tulu saboda gobe.

"Dawo nan!" in ji ta.

Ta ɗauko ƙyallen tatarta, shi ke nan gare ta, wanda ta gada wurin uwarta. Ta yaga shi biyu, ta ɗinka wa Kurciya.

"Daga yau ruwanki zai koma jikinki, farin kaɗai za ki yar."

"Iya, to da me za ki tace kokon gobe?"

"Su sha da dusa! Wa dusa ta taɓa kashewa? Maza tashi, rana na yi."

Kurciya ta sha ruwa ta ƙoshi, ta tashi. Ta isa sheƙa ko ɗigo bai zube ba. Ɗan ya buɗe baki da ƙyar, ya sha, ya sha, sannan ya ɗaga kai.

Washegari ta dawo ta sauka a reshe, saitin kan Iya, tana ta kwararo godiya. Murna ta sa ta manta kanta, sai ga abu fari fat a kan ɗankwalin tsohuwa. Iya ta shafo, ta duba da kyau, ta ga babu ruwa a ciki, ta tuntsire da dariya.

"Alhamdu lillahi! Aiki ya yi kyau."

Shi ya sa har yau tsuntsaye, da suka gaji wannan ƙoda wurin Kurciya, ba sa zubar da ruwansu, kuma kullum safiya kuke jin Kurciya a kan katanga tana maimaita godiyarta ba gajiya. Ni ma ina taya ta, don da babu Iya Tanoma da gari ya yi shiru.

Kai kuma Ɗantala, je ka wanke hularka, ban da zagi. Ruwan da bai zubo maka a ka ba, yana can cikin bakin wani ɗan tsuntsu a sheƙa.