Guɗar Lantana

Ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa, ga ta nan tafe gare ku. Wannan ba ta Gizo da Ƙoƙi ba ce, ta mutane ce irinmu, kuma in na kai ƙarshe ba mai tashi sai kun raba mini gardama.

A garin Rafin Goro an yi wata maguɗiya ana ce mata Lantana. Ku da kuka tashi kuka tarar da lasifika ba ku san darajar guɗa ba. In Lantana ta kama hanci ta rangaɗa, matan da ke bakin rijiya sukan dakata da jan guga su ce an sauka lafiya a gidan wane, ko an kai 'yar wance ɗaki. Amaryar da aka kai ba guɗar Lantana takan riƙa ganin kamar auren nata da saura. Ga ta da dariya kuma, irin wadda in ta fara sai ta zauna a ƙasa.

Sai ta auri Sallau mai sayar da hatsi. Kada ku ce dole aka yi mata, ita ta gani ta ce tana so. Sallau bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai kuma bar ta da yunwa ba, shi ya sa aka daɗe ba a gane abin da take ciki ba. Bakinsa ne bulalarsa. In miya ta yi gishiri ya yi magana, in ba ta ji ba ya yi magana, in ta yi daidai ya ce ba haka ake yi a gidansu ba. In ya gaji da magana sai ya ɗauki gaba, ya shiga ya fita kamar ba mutum a gidan. Wata rana ta dawo daga biki da fara'arta, ya dube ta sheƙeƙe ya ce ya jiyo ta tun daga kasuwa, ya zaci akuya ce ta maƙale a danga, har abokansa sun yi masa dariya. Daga ranar Lantana ba ta ƙara guɗa ba.

Ta yi yaji, ya zo biko da turmin atamfa da daɗin baki, ta koma. Ta sake yi, ya sake zuwa. Da abin ya ishi yayanta Haladu, sai ya tsaya tsayin daka har auren ya mutu, ya dawo da ƙanwarsa gidansa ya ba ta ɗaki. Kowa ya ce shi ke nan, an cire ƙaya. Abin da ba su sani ba, Sallau ya fita daga rayuwarta amma muryarsa ta biyo ta a cikin kai, tana ce mata ba ta iya komai ba.

Ta kuma dawo da tsaraba biyu marasa kyau. Ta farko ban haƙuri. In ka take ta, ita za ta ce ka yi haƙuri. An taɓa ganinta ta yi tuntuɓe da turmi ta juya ta ba shi haƙuri, yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya, manya suka sunkuyar da kai. Ta biyu ta fi muni, maganin tarin nan na kwalba mai sa maye. A gidan Sallau ta fara kurɓa don ta samu barci, har ya zamana in ba ta sha ba jikinta rawa yake yi. Wannan ba wanda ya sani.

Ana nan sai aka sa ranar auren Hindatu, 'yar Haladu, wadda Lantana ta goya tun tana jaririya. Aka ce sai bayan kaka. Hindatu kuwa akwai kafiya. Ta faɗa a tsakar gida kowa na ji cewa ba za ta taka ɗakin miji ba sai da guɗar gwaggonta. Lantana ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta kama hanci ta gwada, ba abin da ya fito sai iska. Ta zauna ta yi kuka mai isarta, don ta ga abin da take taƙama da shi a duniya ya tafi, kuma za ta kunyata yarinyar da ta fi so.

To, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mata uku suka shiga maganar, ba tare da sun haɗa baki ba.

Ta farko ita ce Sa'ade mai kitso, ƙawarta tun suna tallan gyaɗa. Ta zo ta ga kan Lantana ya cukurkuɗe, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta jawo kan ta ɗora a cinya. Kun san mai kitso ba ta ganin fuskar wadda take yi wa, shi ya sa magana ba ta nauyi a wurin. Tana tsaga tana shafa mai, Lantana ta fara da ɗan abu kaɗan, maganar miya. Sa'ade ta ce uhm. Da aka zo kitson, sai ta yi mata na sako-sako da gangan, wanda ba zai yi ƙarko ba, don dole a dawo a sake. Haka suka yi ta yi, kitso na warwarewa, magana na fitowa, har mata suka fara cewa hannun Sa'ade ya lalace, wasu suka koma wurin wata. Ba ta damu ba. A kan cinyar nan Lantana ta amayar da duk abin da ta haɗiye a gidan Sallau, har maganar kwalba, bayan ta sa Sa'ade ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Sa'ade ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta kuma ce ta yi haƙuri haka aure yake ba. Ranar da zanenta ya jiƙe da hawaye, ta dafa kan ta ce, "Lanti, ba laifinki ba ne. Da ma can ba laifinki ba ne." Tun da Lantana ta yi aure ba wanda ya taɓa gaya mata haka, kuma daga ranar ta fara yarda cewa ita ma mutum ce da ta cancanci ta warke.

Ta biyu ita ce Inna Rakiya, maƙwabciyarsu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta ajiye aiki. Ita wannan ba ta iya lallashi ba, ko sannu in ta yi maka sai ka ji kamar faɗa ne. Ta shigo aron rariya da hantsi ta tarar da Lantana na gyangyaɗi, ido ya yi nauyi, harshe na sarƙewa. Ta leƙa wani tsohon tulu a bayan ƙofa, ta gan shi cike da kwalaben da aka shanye. Lantana ta durƙusa tana roƙo a rufa mata asiri. Inna Rakiya ta ce, "'Yar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fi son ki ji haushina kina raye." Ta fita ta samu Haladu ta gaya masa komai, ta kuma gargaɗe shi cewa in ya kuskura ya yi wa ƙanwarsa tsawa ita da shi ne. Washegari ta sa Lantana a gaba har asibitin birni, wurin likitan da ke duba masu damuwa. Lantana na tirjewa tana cewa za a ce ta haukace, Inna Rakiya na cewa masu faɗin haka ba su za su ɗauki ciwon ba. Da aka fara janye ta daga kwalba, jiki ya ɗauki rawa da zufa da amai, Inna Rakiya ta kwaso tabarmarta ta tare a ɗakin. Ta dama kunun tsamiya, ta ba da magani a kan lokaci, ta sha zagi ta shanye. Duk ranar komawa asibiti ita ce a gaba da lema. Ba ta koma gidanta ba sai da Lantana ta yi barci da kanta ta tashi da yunwa.

Jiki ya dawo, kumatu suka ciko, amma murya shiru, ban haƙuri kuma yana nan.

Sai ta uku, Barira, 'yar kawun Lantana, wato taubashiyarta. Kun san wasan taubasai, 'yar namiji takan ce 'yar mace baiwarta ce, ta faɗi abin da ta ga dama ba mai cewa don me. Barira ta zo aikin biki ta tarar kowa na lallaɓa Lantana kamar ƙwai, ta ce ita ba da ita ba. Ta taka mata ƙafa, Lantana ta ce ta yi haƙuri. Ta cinye mata ɗumame, Lantana ta ce ta yi haƙuri da bai yi yawa ba. Barira ta ƙara wuta. Ta ɗaura zanen Lantana na fita ta zauna da shi a bakin murhu, ta ja ta wurin daka ta ce baiwa ba ta zama uwargijiya na aiki, in ana lugude ta riƙa sa mata waƙar tsiya. Matar Haladu ta ce wannan rashin tausayi ne, Barira ta ce a bar ta da baiwarta. Rannan ta ɗebo ruwan tsari ta sheƙa wa Lantana a sabon lallenta, ta tsaya tana jira. Lantana ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai wani abu ya taso mata tun daga ciki, ta ce, "Ke Barira, mai ƙafa kamar taɓarya, Allah ya isa lallena!" Barira ta jefar da ƙwarya ta kama rawa, Lantana ta dube ta, dariya ta ƙwace mata har ta zauna a ƙasa.

Barira ba ta tsaya nan ba. Ta shelanta cewa tunda maguɗiya ta yi murabus, ita ce za ta yi wa Hindatu guɗa, kuma kullum da safe sai ta tsaya a bakin ɗakin Lantana ta yi gwaji. Ban taɓa jin labarin guɗa mai muni irin wannan ba. Kaji na watsewa, jariran maƙwabta na farkawa. Lantana na ciki tana toshe kunne, tana gunaguni cewa ba daga maƙogwaro ake ɗauko ta ba, daga ciki ne.

Ranar kai amarya da yamma, mata suka rako Hindatu har bakin ɗakinta. Ta ja ta tsaya a cikin lulluɓi, ta ƙi ɗaga ƙafa. Dangin ango suka fara duban juna. Lantana na tsaye, Sa'ade a damanta, Inna Rakiya a hagunta, muryar nan ta cikin kai na ce mata akuya a danga. Sai Barira ta kutso gaba, ta gyara ɗaurin zane, ta yi gyaran murya, ta kai hannu hanci. Lantana ta ga za a yi wa 'yarta wannan ta'asa a gaban baƙi, ta ture ta gefe ta ce, "Kauce, kada ki kashe wa yarinya aure." Ta kama hanci ta rangaɗa.

An ce har a tashar mota an ji. Tsofaffi suka yi ta share hawaye suna dariya, Hindatu ta shiga ɗaki da ƙafar dama, Lantana kuwa ta yi ta ƙarawa har sai da aka ce ta bar na gobe. An ce Sallau ma ya jiyo daga rumfarsa, ya kuma aiko daga baya yana neman kome. Lantana ta ce a gaishe shi, a ce masa akuyar ta fita daga danga.

Shekara ta zagayo Hindatu ta haifi 'ya mace. Mijinta ya ce ya bar wa Gwaggo Lantana zaɓin suna. Ita kuwa ta ce ba ta da sunan da ya wuce na wadda ta dawo mata da ranta, sai dai jaririya ɗaya ce, mata kuwa uku. Dangi suka rabu. Masu son Sa'ade suka ce da ba ta buɗe zuciyar ba, da Lantana ba ta yarda ta bi kowa asibiti ba, aka ce musu ai ta san maganar kwalba ta yi shiru, da ajali ya zo fa? Masu son Inna Rakiya suka ce sai da rai ake guɗa, aka ce musu ta tona asirin da aka durƙusa aka roƙe ta, kuma ta bar ta da lafiya ba murya. Masu son Barira suka ce ita ta fito da guɗar kowa na gani, aka ce musu da ta yi wannan wasan tun kafin sauran biyun su yi nasu, da ƙarasa ta za ta yi.

Su ukun kuwa suna can gindin murhu suna tuƙa tuwon suna, kowacce na cewa a sa sunan 'yar'uwarta, ban da Barira da ta ce in ba a sa nata ba ita za ta yi guɗar.

Ga rago a ɗaure, ga liman a zaure yana jira a raɗa masa, ga Lantana da jaririya a hannu ta rasa ta cewa. To, ku da kuka ji komai, sunan wa za a sa wa yarinyar nan, Sa'ade, ko Rakiya, ko Barira?