Gwado Ɗaya, Nas Uku

Ku matso kusa, yau da shari'a na zo muku.

Akwai wani masaƙi, Malam Barau, da ƙaya ta soke shi a gona, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, har aka kwantar da shi a asibitin garinsu. Mutum ne mai son hira, ko ciwo bai hana bakinsa motsi ba.

A ɗakin da yake kwance, da can idan lokacin canjin aiki ya yi, nas mai tashi takan ajiye littafi kan tebur ta ce, "Ga shi nan, sai gobe." Da aka ba Sista Lantana shugabancin ɗakin sai ta hana. Ta ce a gaban gadon kowane majinyaci za a riƙa miƙa aiki, baki da baki. An yi ta gunaguni don ana makara zuwa gida, ita kuwa ko gezau.

Wata safiya wata nas, Uwani, tana wanke wa Malam Barau ƙafa, yana ta zuba labarin duniya. Cikin surutun ya ambaci wata allura da aka taɓa yi masa shekarun baya, wuyansa ya kumbura, numfashi ya gagara. Da wata ce, da ta bari zancen ya wuce. Uwani ta tsaya ta tone zancen har ta gano irin allurar. Da azahar, a bakin gadonsa, ta gaya wa Tabawa, nas ɗin da ta karɓe ta aiki.

Da la'asar wani likita baƙo ya zagayo, ya rubuta a yi masa allurar nan. Tabawa ta duba takarda, maganar Uwani ta faɗo mata.

"Ranka ya daɗe, wannan ba za ta shiga jikinsa ba."

Likita ya ɓata rai. Ta tsaya kan bakanta, ta faɗa masa dalili, ya sauya magani.

Kwana tara Malam Barau ya taka ƙafarsa ya koma gida. Don murna ya zauna ya saƙa gwado ɗaya, wanda bai taɓa saƙa irinsa ba. Ya rungumo shi ya taho asibiti yana washe baki, sai ya tarar da su ukun tsaye wuri guda, ya rasa hannun da zai ɗora wa.

To jama'a, ku raba masa: wadda ta kafa dokar, ko wadda ta tsinci maganar, ko wadda ta tare allurar, wa ya kamata ta yafa gwadon nan?