Mai Shelar da Ya Tsaya a Rabin Magana

Akwai wani mutum, mai shelar sarki ne a wani ƙaramin gari. Al'adar garin kuwa, in sarki ya rasu, ba mai sa fartanya a ƙasa sai mai shela ya tsaya bakin kasuwa ya faɗa da bakinsa: "Sarki ya kwanta dama, ga sarki ya hau gado!"

Ana nan sai tsohon sarki ya rasu, daidai faɗuwar ruwan shuka. Tare suka tashi da mai shelan nan, akushi ɗaya suke ci tun suna yara. Dattawa suka zaɓi magaji, suka ce mai shela ya je ya sanar. Ya buga ganga, ya ce, "Sarki ya kwanta dama..." Shi ke nan, kuka ya shaƙe shi. Ya saɓa gangarsa ya koma gida, ya ja ƙofa.

Wayyo, mutane! Ga iri a ƙwarya, ga laima a ƙasa, ba damar shuka. Matarsa ta ce, "Maigida, ƙasa fa tana bushewa."

Rannan da hantsi ya ji hayaniya a bayan danga, ya leƙa. Yara ne ke wasan sarauta. Sun kife turmi, ɗaya ya zauna a kai da rawanin tsumma, can ya mirgine ƙasa, wai ya mutu. Mai kiɗan gwangwani ya ce, "Sarki ya kwanta dama..." sai ya rufe fuska, yana kwaikwayon kukan mai shela.

Wata yarinya ta daka masa tsawa: "Kai, ƙarasa mana! In ba ka ƙarasa ba, haka za mu yi ta tsayuwa?"

Kunya ta kama dattijon nan har cikin ƙashi. Ya ɗauki ganga, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Hawaye na zuba, amma ya faɗi shelar har ƙarshenta. Kafin rana ta yi tsaka, gonaki sun cika da masu shuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, Ubangiji ya sa shela a bakin kowannenmu. Sarkinmu Yesu ya mutu, gaskiya ne, ba mu ɓoye ba. Amma a garin can wani ne ya mutu, wani ya hau. Mu kuwa, wanda aka binne shi ne ya tashi, shi ne kuma ke kan gado har yau.

'Yan'uwa, na san waɗansunku sun yi rashi bana, ban ce kada ku yi kuka ba. Shi ma mai shelan da hawayensa ya fita. Sai dai ku tuna, akwai wani a gidanku, ko a maƙwabta, da ya riƙe irinsa a hannu yana kallon bakinku. Rabin farko ya riga ya ji. Ku ƙarasa masa.