Jan Ruwa a Gindin Madatsa

Wata rana, Talata sha ɗaya ga Agusta, da ƙarfe tara da kwata na safe, Ƙaguwa ta ga ruwan bakin raminta ya yi ja.

Ramin yana gindin wata madatsar ƙasa da ta tare kogi, kuma 'ya'yanta arba'in suna ciki. Shekara shida ruwa yana tsattsafowa ta wurin garai-garai. Ƙaguwa mai lura ce. Ta ɗanɗana, ta ji yashi a baki, sai ta hau sama neman Kada.

Kada shi ne babba a tafkin da madatsar ta tara, ga shi da haɗama. Tun da bazara, da ya ga ruwa yana raguwa, ya ce sata ake yi masa, ya cushe hanyar da rarar ruwa ke wucewa da itatuwa da laka. Shamuwa, wadda ta yawaci duniya, ta gaya masa rana ce ke ɗaga ruwan ya zama tururi, ya taru ya zama hadari, ya zuba a kan duwatsu, kogi ya dawo da shi. Kada ya ce in ya dawo, ko ɗigo ba zai sake fita ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Ƙaguwa, "ruwan da ke tsattsafowa ya fara kwasar ƙasa daga cikin madatsa."

"Ke mai tafiya a karkace, yaushe kika fara ganin abu daidai? Dubi sama, ko gajimare babu."

Shamuwa tana kan reshe. Ta ce kwana biyu ke nan ana tafka ruwa a duwatsu, yana tafe, kafin la'asar zai iso.

"Ya zo mana," in ji Kada. "Ai nawa ne."

Ƙaguwa ta roƙe shi ya buɗe hanyar ko da kamu ɗaya. Ya rufe ido.

Ƙaguwa ta juya. Ta sauka ta gaya wa kwaɗi maƙwabtanta madatsa za ta ɓalle, uku suka yarda. Sannan ta shiga kwasar 'ya'yanta zuwa tudu, biyar-biyar, a karkacen nan da aka yi mata gori.

Da la'asar kogi ya iso, rana na haske. Tafki ya cika ya rasa mafita. Ɗan ramin da ruwa ya ci a cikin madatsa ya buɗe, ƙasar ta zube gaba ɗaya. A lokacin Ƙaguwa ta yi sahu bakwai, ta juyo za ta yi na takwas.

Darasin wannan labari shi ne, ruwa baƙo ne mai wucewa, kuma wanda ya hana shi hanya ba shi kaɗai ke shan hasarar ba. Da gari ya waye ga waɗanda suka rage: Shamuwa, kwaɗi uku, Ƙaguwa da 'ya'ya talatin da biyar, sai Kada kwance cikin taɓo, babu ruwan da zai rufe masa baya.