Mijin da Ya Ƙi Cinna wa Gonarsa Wuta

Akwai wani mutum mai suna Kapasa a kwarin Chisamvu, tun zamanin da kakanninmu ba su daɗe da barin yawon daji ba, suka kafa bukkoki a bakin rafi suka fara shuka tamba.

Ƙasar kwarin ba ta da ƙarfi sai ta sha toka. Da rani maza kan hau itatuwa su sare rassa, su bar gindin ya sake toho. Mata su kwaso rassan a ka, su jibge wuri ɗaya su bushe. Idan damina ta kusa a cinna wuta, a watsa iri cikin tokar. Mai babban tari shi ne mai tuwo har shekara.

Kapasa ba ɗan ƙauyen ba ne. Aure ya kawo shi, kamar kowane miji da ke barin gidansu ya zauna cikin dangin matarsa yana yi musu sara. Sunan matarsa Lombe, suna da 'yar ƙaramar yarinya, Kaluba.

Da can babu itacen da ya gagare shi. Sai wata rana reshe ya karye da shi, ya faɗo ya karya ƙafa. Ƙafar ta ɗoru, amma a karkace. Tun daga nan sai rassan da hannunsa ya kai daga ƙasa yake sara.

Kullum da safe yakan naɗa wa Lombe gammo da ciyawa mai laushi kafin ta fara ɗauko rassa. Ita kuma in rana ta take sai ta zauna ta ɗora ƙafar a cinyarta tana matsawa. Ba su cika magana ba. Gajiya ba ta barin su.

Wata rana yayan Lombe, Chimba, ya biyo ta gonar da abokansa. Shi ne gwanin hawa a ƙauyen, shi ne kuma mai magana a gidansu. Ya tsaya ya dubi tarin rassan.

"Suruki, wannan na gona ne ko na gasa ɓera?"

Abokan suka fashe da dariya.

"Na gona ne, Yaya," in ji Kapasa.

"To ka ji da kyau, ga shaidu. Ba mu ba ka ƙanwarmu don ta ciyar da gurgu ba. In rumbunta bai cika bana ba, ka ɗauki gatarinka ka koma wurin danginka. Ita da yarinya namu ne."

"Haba Yaya," in ji Lombe. "Wurin saran gonarka fa ya faɗo."

"Ni na ce ya taka busasshen reshe? Ɗauki kayanki ki wuce, wuyanki har ya zama kamar na zalɓe."

Ta ɗauka ta wuce. Kapasa ya ci gaba da sara.

A ƙauyen akwai doka ɗaya. Ba mai cinna wa tarinsa wuta sai Kaka Chilombo ta cinna wa nata. Ita ce mafi tsufa, ita ke zama a kan suri tana sauraren iska. Duk mijin da aure ya kawo sai ya dafa dutsen murhunta ya yi alkawarin zai jira wutarta.

A shekarar nan zafi ya yi tsawo. Rafi ya koma 'yan kududdufai. Tsohuwar tamba ta ƙare, aka koma cin saiwa da tsutsar itace. Mutane na tashi a gajiye, su kwanta a gajiye. Kowa ya duba sama, ya duba bukkar Kaka, ya yi tsaki.

Ran nan da yamma sai gabas ta yi baƙi, aka yi tsawa.

Ƙauyen ya rikice, don kowa ya san in ruwa ya jiƙa rassa ba za su ci wuta ba, kuma in ba toka ba tuwo. Aka ruga wurin tsohuwa.

"Kaka, fito da wuta! Ga ruwa nan!"

Ta ɗaga fuska ta saurari iska, sannan ta ce, "Ba yau ba. Wannan hadarin wucewa zai yi."

"Kun ji fa," in ji Chimba. "Kaza a gabanta ba ta gani, ita ce za ta ga ruwa a sama. Ni dai ban sha wuyar rani don tsohuwa ta jiƙa mini tarina ba."

Ya zaro itace mai wuta daga murhu ya nufi gonarsa. Tarinsa ya fi bukka tsayi. Da wutar ta tashi, sauran maza suka kasa daurewa, kowa ya ruga nasa. Nan da nan kwarin ya cika da hayaƙi.

Lombe ta iso gonarsu a guje, da wuta a hannu, tana haki.

"Baban Kaluba, karɓi! Yi sauri!"

Bai miƙa hannu ba.

"Kaka ba ta kunna ba."

"Kaka za a kora in rumbu bai cika ba? Kai za a kora!"

"Na sani."

"Ka tabbata ruwan ba zai zo ba?"

"Ban tabbata ba, Maman Kaluba. Ni me na sani a kan ruwa?"

"To me kake jira?"

Ya zauna a kan kututture, ya miƙe ƙafar nan tasa.

"Ranar da aka ba ni ke na dafa murhunta. Ƙafa ta tafi, hawa ya tafi. Maganata kaɗai ta rage mini a garin nan. In na karya ta yau, da wane ido zan riƙa kallonki?"

Sai ga ɗigon ruwa, manya-manya, suna faɗuwa a kan busassun ganye. Lombe ta dubi tarin da ta ɗauko reshe-reshe a kanta tun farkon rani. Taku ɗaya za ta yi ta jefa wutar da kanta, ba mai hana ta. Ta daɗe a tsaye, hawaye na zuba.

Sannan ta tusa bakin itacen cikin ƙasa ta murje shi har ya mutu. Ta zauna nesa da shi kaɗan, ta juya masa baya.

Yayyafin bai ko kwantar da ƙura ba. Hadarin ya wuce yamma.

Abin da ya biyo baya iska ce mai zafi, wadda ta yi ta kaɗawa kwana da kwanaki. Ta shiga gonakin da aka ƙona tana kwasar toka tana watsawa cikin daji. Maza suka yi ta danne tokar da ganye, mata suka yi ta yayyafa ɗan ruwan da suka samo a ƙwarya. Duk a banza. Kullum gari ya waye sai a ga jar ƙasa ta ƙara bayyana.

Kapasa da Lombe ma ba su samu sauƙi ba. Duk gajimaren da ya gifta sai gabansu ya faɗi. Ita ba ta yi masa magana sai ta dole. Amma ko sau ɗaya ba ta fasa matsa masa ƙafa ba.

Sai wata safiya, sama fes babu ko gajimare, Kaka Chilombo ta fito tana dogara sanda, da wuta a hannunta. Tari biyu kaɗai suka rage a kwarin, nata da nasu. Ta cinna wa nata, ta miƙa wa Kapasa itacen ya cinna wa nasu.

Tokar ba ta gama hucewa ba ruwa ya sauko, ruwa na gaske, ya danne ta a inda take. Lombe ta watsa iri.

Da kaka ta yi, tambar Lombe ta yi kawuna masu nauyi. Ta sauran mutane kuwa tsilli-tsilli, ja, babu ƙwaya. Chimba mai babban tari ko irin baɗi bai samu ba.

Amma gonar Kapasa ƙarama ce. Da suka gama zubawa, rumbun ya ɗan wuce rabi ya tsaya.

Washegari da safe ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki gatarinsa ya rataya a kafaɗa.

"Ina zuwa?" in ji Lombe.

"Bai cika ba."

"Wa ya tambaye ka?"

"A gaban mutane aka faɗa. Na gaji, Maman Kaluba. Ba ni da ƙarfin zama in jira a zo a kore ni."

Ya shafa kan yarinyar, ya kama hanyar rafi yana jan ƙafa.

Lombe ba ta kira shi ba. Ta shiga rumbu ta cika tukunya da zaɓaɓɓen iri, ta goya Kaluba, ta aza tukunyar a ka. Ta ce wa matan da suka fito kallo, "Ku liƙe mini bakin rumbun nan da laka. Zan riƙa zuwa ina kwasa kwando-kwando."

Sannan ta bi bayan mijinta, ba wanda ya tare ta. A wajenmu namiji ke sara, amma tamba ta macen da ta watsa ta ce, duk inda ta ga dama ta kai ta.

Labari ya kai wa Chimba. Ya taho a guje, rabin ƙauyen na biye da shi, ya cim musu a gangaren rafi.

"Ke Lombe! Hauka kike yi? Ina za ki da irin gari?"

"Irin gari? Ban ga gari ba lokacin da nake ɗauko rassa."

"Ke ba a kore ki ba."

"An kori mai yi mini sara. In zauna wa zai sare mini, Yaya? Kai? Naka ma iska ka sare wa."

Wata tsohuwa a baya ta tuntsire da dariya, ta toshe baki.

Chimba ya dubi mutanen. Duk idanunsu a kan tukunyar suke. Ya dubi nasa 'ya'yan, waɗanda suka biyo shi da cikkuna a kumbure. Ya sauke murya.

"Suruki, ai wasa nake yi. Kai ma ka san bakina."

"Da ƙarfi ka yi wasan," in ji Lombe. "Ka janye shi da ƙarfi."

Gwanin hawan nan ya tsaya kamar wanda aka ce ya haɗiyi dutse. Sannan ya ɗaga murya har waɗanda ke baya suka ji.

"Na janye. Kapasa namu ne, ko rumbu ya cika ko bai cika ba. Ni na karya doka, shi ya riƙe. Rani mai zuwa ni zan hau masa, shi ya nuna mini reshe daga ƙasa."

Sai a lokacin Lombe ta sauke tukunyar.

Kapasa ya zame ya zauna a ƙasa, ya ajiye gatarin, ya dubi ruwan rafin da ya cika yana gudu.

"Gara da kuka zo," in ji shi. "Dama tun ɗazu nake tunanin yadda zan haye wannan da ƙafa ɗaya."

Lombe ta zauna kusa da shi, ta jingina kai da kafaɗarsa a gaban kowa, ta yi dariya har da hawaye. Ita ce dariyarta ta farko a shekarar.

Darasi: Haƙuri ba wai ka tabbata abin zai yi kyau ba ne. Haƙuri shi ne ka riƙe alkawarinka a ranar da tsoro ya sa kowa ya saki nasa. Kuma kada ka auna mutum da girman abin da ya tara ka raina shi, don ba ka san a hannun wa abincin 'ya'yanka zai kasance gobe ba. In kun san wani da ya gaji da jira har yana shirin sakin maganarsa, ku tura masa wannan labarin.